Malam Bot da Ƙararrawar Kiltoran

Idan aka tambayi Malam Bot daga ina yake, amsa biyu gare shi, ya danganta da mai tambayar. In ɗan Nijeriya ne, sai ya ce shi Birom ne daga wani ƙauye a bayan Bukuru, inda kowane gida ke kewaye da shingen kerana. In Bature ne kuwa, sai ya gyara wuyan kwat ɗinsa ya ce, "Mu mutanen Kiltoran ne." Kiltoran wani ɗan ƙauye ne a yammacin ƙasar Ailan. Bot bai taɓa sa ƙafa a cikinsa ba, bai ma taɓa haye tekun da ya raba Ailan da Ingila ba.

Abin ya samo asali ne daga makarantar mishan. A shekarun 1940 akwai wani limamin Katolika a ƙauyensu, sunansa Fada Tierney, amma kowa Fada Mai Babur yake ce masa. Shi ne mai koyar da labarin ƙasa, kuma a wurinsa duniya daga Kiltoran ta fara. Kafin yara su san inda Legas take, sun san cewa Kiltoran na gindin wani tudu mai kamar bayan alade, kogi ya bi ta gabashinsa, a yamma kuma akwai fadama inda ake yanka baƙar ƙasa a shanya ta a hura wuta da ita kamar itace. Sun san tsohuwar majami'ar da rufinta ya faɗi, da gicciyen dutse mai zane-zane, da doguwar hasumiya wadda ƙofarta ke can sama sai da tsani, da rijiyar da ake zagayawa ranar bikin waliyyi a ɗaura tsumma a bishiyar bakinta. Sun san cewa Waliyyi Toran ya iso wurin a ƙarni na shida cikin kwalekwalen fata, ya tara duwatsu ya gina ɗaki wanda da ƙyar mutum ke miƙe ƙafa a ciki, mutane suka taru a kansa har wurin ya zama gari.

Waliyyin yana da ƙararrawar ƙarfe ta hannu wadda yake kiran mutane addu'a da ita. Bayan rasuwarsa sufayen wurin suka riƙe ta kamar ransu. Da 'yan fashin teku suka fara zuwa daga arewa da dogayen jiragensu suna ƙona majami'u, sai sufaye suka naɗe ƙararrawar a buhu suka haye kogi da ita, suka ba mutanen ƙauyen Drumlasky ajiya har ƙura ta lafa. Ƙura ta lafa. Aka je karɓa, mutanen Drumlasky suka ce wace ƙararrawa? Ai tasu ce.

A daidai nan Fada Mai Babur yakan juya daga allo, kunnuwansa sun yi ja, ya nuna hayin kogi da alli ya ce, "Sun mayar?" Aji gaba ɗaya ya ɗauka, "Ba su mayar ba, Fada!" Yaron da ya zana Drumlasky da girma a taswira ranar jarrabawa, shi ya sani.

Bot ya fi kowa iya wannan darasi, saboda haka ranar baftisma Fada ya sa masa suna Toran, ya dafa kansa ya ce, "Yau ka zama ɗanmu." Wataƙila Fada wasa yake yi. Amma a inda Bot ya tashi, babba ba ya ba ka sunan gidansa da wasa. Ka shiga gidan ke nan, abokansu naka ne, abokan gabarsu ma naka ne.

Ya gama makaranta ya yi akawu a kamfanin kuza har aikin kuza ya ja baya. A 1978 ya zo London da niyyar ƙaro karatu, karatun bai yiwu ba, ya sami aikin kula da ginin wani asibitin haƙori a Marylebone, inda ya zauna har ya yi ritaya. Matarsa Chundung ta biyo shi da 'yarsu tilo, Kaneng, ƙaramar hukuma ta ba su gidan haya a unguwar Edmonton. Mutum ne mai tsari. Takalminsa kullum yana sheƙi, laimarsa a naɗe ko ana ruwa ko ba a yi, kuma bai yarda a ce "wajen ƙarni na tara" a gabansa ba, sai a faɗi farkonsa ne ko ƙarshensa. Cocin da suke zuwa cike yake da 'yan Ailan, kuma duk sabuwar fuska sai ya tare ta a bakin ƙofa ya tambayi garinsu. Bai taɓa samun ɗan Kiltoran ba. Yawancinsu ma ba su taɓa jin sunan ba. Wannan bai dame shi ba ko kaɗan. Cewa yake yi gari mai daɗi ba a barinsa.

Babban amininsa shi ne Alhaji Masawudu, mutumin zangon Kumasi mai sayar da nama a Tottenham. Ya sha labarin ƙararrawa har shi ma ya tsani Drumlasky ba tare da ya san inda take ba. Duk maƙwabcin da ya ari wuƙarsa bai dawo da ita ba, sai ya ce, "Bar shi, ɗan Drumlasky ne."

Kaneng ta girma ta zama nas. A 1992, da sanyi ya fara shiga, ta gaya wa uwarta cewa akwai wanda take so ta kawo gida, sunansa Declan, mai gyaran wutar lantarki, kuma Bature ne. Chundung ta daɗe tana shawarar yadda za ta sanar da mijinta. Da ta faɗa, tambaya biyu kawai ya yi. Ɗan Katolika ne? Aka ce e. Iyayensa 'yan ina ne? Aka ce Ailan. Bot ya tashi ya je ya goge takalmin da ya riga ya goge.

Ranar Lahadi Declan ya zo, dogon yaro mai kunya. Aka sa masa tuwon acca da miyar karkashi, ya wanke hannu ya ci da hannu, miya na bin gwiwar hannunsa, ya kuma nemi ƙari. Bot ya kalli matarsa ya gyaɗa kai. Sai aka zo kan binciken asali, wanda ba uban da zai ba da 'ya bai yi ba.

"A Ailan, wane gari ne naku?"

Declan ya ce shi a London aka haife shi, sau ɗaya aka kai shi can yana ƙarami, abin da ya tuna kawai ruwan sama da tumaki. "Wani ɗan ƙauye ne, Sir, ba za ka san shi ba. Drumlasky."

Bot ya ajiye lomar da ke hannunsa a hankali, ya mayar da ita daidai inda ya yanko ta.

"Drumlasky ta hayin kogi?"

"Ina jin akwai kogi, Sir."

"Yana jin akwai kogi," in ji Bot da Hausa, yana kallon silin. Sa'an nan ya juya ga yaron. "Ina ƙararrawarmu?"

Declan ya waiga ya kalli ƙofa, yana zaton ƙararrawar bakin ƙofa ake nufi, ya ce in ta lalace ne yana da kayan aiki a mota, yanzu zai duba ta.

"Daddy, please," in ji Kaneng.

"Maman Kaneng, a ba baƙo ruwa ya wanke hannu. Ya ƙoshi."

Bayan baƙo ya tafi, Chundung ta rufe ƙofa ta tsaya a kansa.

"Baban Kaneng, kana lafiya? Ni ina tsoron ka ce Bature ne, kai kuma ka kawo mini maganar ƙarfe?"

"Ba ruwana da fatarsa. Ki saurara. Ranar biki, da na kama hannun yarinyar nan na miƙa wa uban yaro, me zan ce? Me babanki ya ce wa babana?"

"Ya ce ga amana."

"To! Ni Toran, in buɗe baki a gaban jama'a in ce wa mutumin Drumlasky ga amana? Mun taɓa ba su. Yau shekara dubu da ɗari da wani abu."

"Wa ya ba su? Kai?"

"Mu."

"Ka taɓa ganin ƙararrawar?"

"Ta yaya zan gan ta, tana hannunsu?"

Kaneng ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina ci a gida. Bot shi ma ya rame, don yana son 'yarsa fiye da kome, kuma yaron ya kwanta masa a rai. Amma ya ce bakinsa ba zai iya furta kalmar ba. Daga ƙarshe aka roƙi Masawudu ya shiga tsakani. Ya sa babbar riga ya hau bas zuwa Walthamstow wurin uban Declan, wani tsoho mai suna Mattie Gavigan, wanda ya ƙare ƙarfinsa a haƙar ramukan tituna, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai da rediyo. Masawudu ya yi bayani da Turancinsa na kasuwa cewa akwai matsala ƙarama game da wata ƙararrawa. Ya dawo ya ba da labari cewa tsohon ya kashe rediyo, ya miƙe tsaye, ya tambaya, "Mutumin Kiltoran ne ya aiko ka?"

Lahadi mai zuwa Mattie ya bayyana a Edmonton da hularsa ta zuwa coci. Aka buɗe masa ƙofa, ya kalli Bot daga sama har ƙasa. Duk abin da ya yi tsammanin gani, bai nuna a fuska ba.

"Kai ne na Kiltoran?"

"Ni ne."

"Na ga alama. Ko kujera ba ka ba ni ba. Haka kuke."

Aka ba shi kujera, aka fara. Mattie ya ce babu wata ajiya. Abin da kakarsa ta gaya masa shi ne mutanen Kiltoran sun sace saniyar waliyyin suka yanka, ƙararrawa ta ji haushi ta tashi da kanta ta haye kogi tana kaɗawa, ta sauka a Drumlasky inda mutanen kirki suke. Bot ya ce ƙarfe ba ya iyo. Mattie ya ce ba iyo ta yi ba, tashi ta yi. Bot ya ce saniyar ma a fadamar Drumlasky ta nutse saboda ba su iya shinge ba. Mattie ya ce hasumiyar Kiltoran a karkace take. Bot ya ce iskar da ke fitowa daga bakin mutanen hayi ce ta tura ta. Suka yi gardama kan gadar kogi, kan wanda ya fara gina ta da wanda ya saci duwatsunta. Bot ya kawo gishiri da barkono da cokula ya shimfiɗa taswira a kan tebur, Mattie ya matsar da barkono ya ce nan mashigin yake, Bot ya mayar da shi.

Chundung ta leƙo daga kicin da tsoron kada a kai ga duka. Sai ta ga Mattie yana share ido da hularsa, yana dariya.

"Tun 1951 da na sauka a garin nan," in ji shi, "ba wanda ya kira ni ɓarawon ƙararrawa. Ɗana ma bai san akwai ta ba. Sake faɗa."

"Ɓarawon ƙararrawa," in ji Bot.

"Allah ya yi maka albarka. Ɗan masu cin saniya."

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ina! Mattie ya dawo Lahadi ta gaba, da wadda ke bin ta. Ya koyi cin gwate, ya fara kawo burodin da yake gasawa da kansa. Kirsimeti ya wuce, sabuwar shekara ta shigo, tsofaffin nan suna kan tebur da gishiri da barkono. In Declan ya yi ƙarfin hali ya ce, "To maganar aurenmu fa?" sai su juyo tare su ce masa manya na tattaunawa. Bot dai yana nan kan bakansa, ba amana sai an mayar da ƙararrawa. Mattie ya ce ko da yana so ba shi da iko, tana cikin akwati a cocin Drumlasky, kuma ba ya so.

Da azumin Ista ya kama, Kaneng ta gaji. Ta shigo wata Lahadi da rana tare da Masawudu, ta tsaya a kan taswirar. Wannan karon da Hausa ta yi magana, abin da ba ta cika yi ba sai ranta ya ɓaci.

"Baba, na yi booking na coci, Asabar ta biyu bayan Ista. Ina so kai ka riƙe hannuna. In ba za ka iya ba, Baba Masawudu ya ce zai riƙe."

Bot ya juya ya kalli amininsa.

"Malam, kar ka kalle ni haka," in ji Masawudu da Hausarsa ta zango wadda ba ta raba mace da namiji. "Yarinya ya zo shago ya yi kuka a kan nama. Ni ma 'yana ne. Zan cire takalmi in shiga coci in ba da shi, in fito in yi salla. Ƙararrawa na kowa ne ban sani ba, amma yarinya ya kai aure."

"Ba a cire takalmi a coci," in ji Bot. Muryarsa ta yi rauni, don bai taɓa kawo wa ransa cewa wani zai taka tsakiyar coci da Kaneng yana zaune a benci yana kallo ba.

Mattie, da ba ya jin Hausa, ya ga fuskoki sun canza, ya ɗauki hularsa ya ce zai je ya duba ko bas na zuwa. Sauran ma suka fice. Chundung ta zauna a kujerar Mattie, ta tattara cokulan da ke matsayin kogi.

"Baban Kaneng, ni ban yi makarantar Fada ba. Tambaya zan yi. Ƙararrawar nan, ta ɓace?"

"Ba ta ɓace ba. Tana Drumlasky."

"Ta tsage?"

"Mattie ya ce ko ƙwarzane babu. Ya ce duk shekara sai an goge ta an fito da ita. Da alfahari ma yake faɗa, marar kunya."

"Cocinku na Kiltoran fa, ina rufinsa?"

Bot ya kawar da kai, Chundung ta ci gaba.

"To ni ga abin da na gani. An ba mutane abu, sun riƙe shekara dubu, ba su yar ba, ba su sayar ba, ba su bari ruwa ya taɓa shi ba, an zo karɓa sun ce sai dai a kashe su. Kai kuma 'ya za ka bayar. Kana neman surukai masu mayar da abin da aka ba su ne? So kake bayan shekara biyu a ƙwanƙwasa ƙofa a ce ga ajiyarka, mun gode?"

Bot ya miƙa hannu. Ya ɗauki kwalbar barkono ya juya ta a hannunsa. Mutum ne da ba ya ƙin hujja in ta tsaya da ƙafarta, kuma ya zagaya wannan ta kowane gefe bai ga inda ta gurgunce ba.

"Amma fa sata ce," in ji shi daga baya.

"Sata ce. Ba wanda ya hana ka faɗa masa kowace Lahadi."

Aka ɗaura aure ranar da Kaneng ta sa. Bot ya taka tsakiyar coci da 'yarsa a hankali, kamar mai ɗauke da kwano cike da mai. Masawudu ya zo duk da haka, ya zauna a bencin baya da takalminsa a ƙafa, yana duba na kowa don ya tabbata. A zauren coci bayan an fito, aka haɗa tebura, masa da naman ridi a gefe ɗaya, dankali da kabeji a ɗaya gefen. Sai aka yi shiru don a miƙa amarya ga dangin ango yadda ake yi a gida. Bot ya kama hannun Kaneng, Mattie ya miƙe ya cire hula.

Bot ya yi jawabi. Ya fara daga ƙarni na shida. Chundung ta ja masa gefen kwat a daidai zuwan 'yan fashin teku, ya tsallake zuwa ƙarshe.

"Mattie Gavigan na Drumlasky," in ji shi, da Hausa sa'an nan da Turanci, "ga amana. Wannan karon a gaban shaidu."

Mattie ya karɓi hannun da hannayensa biyu masu kaushi.

"Mun karɓa. Kuma in gaya maka tun yanzu, kada ka aiko kowa."

"Ba zan aiko ba," in ji Bot. Ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, ya koma ya zauna kusa da matarsa, ya ce a miƙo masa kabejin nan ya ɗanɗana ya ji ko mutanen hayi sun iya wani abu.